Sharaɗi na Bakwai da Ban Rubuta Ba

A zamanin da na koyi aikin rubutu, abin da yatsanka ya doka shi ne abin da ke fitowa a takarda, babu kowa a tsakaninku. Tafireta ce a gabanka, ka sa takarda biyu da baƙar takardar kwafi a tsakiya, in ka yi kuskure kana ganinsa nan take, kuma kowa ya san kai ne ka yi shi. Yanzu kuwa mutum na zaune a nan ya danna, rubutun ya bi iska ya shiga wata kwamfuta a can, ita kuma ta miƙa wa firinta, sannan ka tashi ka je ka ɗauko. To, a cikin 'yar wannan tafiya da ba ta kai shan ruwa ba ne abin da zan ba ku labari ya same ni, shekaru kaɗan da suka wuce, a Aliero, da rana tsaka. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba ji na yi ba, ni ne abin ya faru da ni, kuma a shekaruna ba ni da abin da zan ci da ƙarya.

Ni mutumin Jega ne, amma rabin rayuwata a waje na yi ta. Na yi aikin waya da gyaran na'urori a Maraɗi da Yamai, na yi a Garwa ta Kamaru, na ɗan zauna a Kumasi, na yi shekara biyu a Sudan. Ta haka na tsinci Faransanci da Larabci da Zabarmanci, Fulatanci kuwa a Garwa na ƙware a kansa. A Yamai ne wasu abokan aiki suka koya mini Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba Windows ba, ba ya ƙyamar tsohuwar kwamfuta kuma ƙwayar cuta ba ta cika damunsa ba. Da na dawo gida na ajiye aiki, 'yar tsohuwar kwamfutata ta hannu da shi take aiki har yau.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin. Shekara biyar kafin wannan rana an yi wani zama a bakin fadama wajen Danwarai, tsakanin manoman albasa da wasu Fulani makiyaya da ke tasowa daga wajen Mungadi da rani. Rikicin kullum ne, shanu sun shiga kwami, wato fegin da ake dasa albasa, manoma sun toshe hanya. Shugaban Fulanin, Arɗo Buba, yana jin Hausa sarai, amma ya ce maganar alkawari da harshen uwarsa yake so ya ji ta, don haka aka ɗauko ni daga Jega na yi tafinta. An daidaita a kan abu bakwai. Na bakwai shi ne mashayar da ke gindin wata tsohuwar kanya za ta zauna a buɗe ga dabbobi, da hanyar zuwa gare ta, ko da an noma gefe da gefe. Ina tuna wannan sosai saboda da na zo juya kalmar mashaya sai na yi amfani da wadda ake faɗa a Garwa, ba wadda Fulaninmu na nan ke faɗa ba, Arɗo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an kawo masa tafinta daga bayan duniya.

Wanda ya rubuta komai ranar shi ne sakataren ƙungiyar manoman, Malam Bawa, a wani ƙaramin littafi. Da za a tashi ya kama hannun Arɗo ya ce in Allah ya yarda zai buga shi a takarda kowa ya sa hannu. Malam Bawa mutum ne mai amana, amma akwai shi da jan ƙafa. Yau ne, gobe ne, zaman lafiya ya samu, kowa ya saki jiki, har Allah ya yi masa rasuwa bai buga ba. Littafin kuma aka nema a gidansa aka rasa.

Wata huɗu bayan rasuwarsa, cikin zafin bazara, an gama cire albasa ana ta jera ta a rumfunan ajiya, sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Namadina, ya kira ni. Ya ce masu sasanci tsakanin manoma da makiyaya sun nemi a kawo yarjejeniyar a rubuce ranar Alhamis a Maiyama, da Hausa da Fulatanci, kuma kwamfutar ofishinsu ba ta fitar da haruffa masu ƙugiya yadda ya kamata. Ya ce in zo da jakina na Faransa, haka yake kiran kwamfutata. Sa'ana ne, mun san juna tun muna samari, ba zan iya ce masa a'a ba. Ranar Talata da safe na shiga mota zuwa Aliero.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda. Akwai kwamfuta ta tebur mai Windows, an ɗaura mata tsohuwar firinta da wata waya mai faffaɗan baki wadda tawa ba ta da ramin da za ta shiga. Mai kula da ofishin tun bayan rasuwar sakatare ita ce Malama Kulu, tsohuwar malamar makaranta ce da ta ajiye alli, kuma ɗiyar ƙanwar marigayin. Na ce ta ba ni filashi in kwashe rubutun in sa a tasu, ta ce atafau, tun da wata cuta ta shigo ta filashi ta cinye musu sunayen 'yan ƙungiya aka hana. Na ce ba komai, ai akwai wata hanya. Tunda kwamfutocin biyu suna kan sadarwa ɗaya ta ofis, zan sa tasu ta raba firintar, ni kuma in aika daga tawa.

Ga wanda bai taɓa yi ba, aikin ba wuya gare shi ba, sai dai yana son natsuwa. A wajen Windows ka buɗe rabawa, ka ba firintar gajeren suna marar tazara a tsakiya. A wajen Linux kuwa akwai wata manhaja da ake kira Samba, ita ce tafintar da ke sa Linux ya yi magana da harshen Windows, aikina ke nan na bakin fadama. Ka gaya mata sunan waccan kwamfuta, da sunan firintar, ka zaɓi direban da ya dace da irin firintar, wato 'yar manhajar da ke sarrafa ta. Abu na ƙarshe, Windows ba ya karɓar aiki daga baƙo, sai ka zo da sunan wani da ya sani da kalmar sirrinsa.

A nan ne na yi abin da na yi. Na tambayi Malama Kulu da wane suna take shiga, sai ta sunkuyar da kai ta ce suna ɗaya ne a kwamfutar, na Kawu Bawa. Wata huɗu kullum da safe da sunansa take buɗewa. Ba wanda ya iya ɗaga hannu ya goge, kamar yadda ba wanda ya zauna a kujerarsa, tana nan a jingine da bango. A Kumasi ko Yamai da na yi aiki, ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko ya mutu, kafin la'asar an rufe sunansa, kuma ba wanda zai ga laifi. Mu a nan muna jin nauyi, kamar a ce ka kore shi daga gida tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ni ma da na san ƙa'ida, da ya kamata in buɗe sabon suna, minti biyu ne, amma sai na ji kunyar in zama ni ne baƙon da ya fara taɓa kayan mamaci. Na ce ta ba ni kalmar sirrin. Ba ta faɗa ba, rubuta mini ta yi a gefen takarda. Ashe sunan ɗansa na fari ne, wanda saboda kara bai taɓa kira da bakinsa ba, amma kullum yana buga shi da yatsa. Allah sarki. Na shigar da sunan Malam Bawa da kalmar a kwamfutata, na aika shafin gwaji, firinta ta yi 'yar ƙara ta fito da shi tsaf.

Sai Alhaji Namadina ya iso, aka gaisa, ya tsokane ni cewa mutanen Jega sun iya cin albasa ba su iya noma ta ba, ya zauna ya fara yi mini shifta daga ka. Na ɗaya, na biyu, har na shida, duk daidai da yadda nake tunawa. Daga nan ya ce in sa wurin sa hannu. Na ɗaga kai na dube shi, shi kuma ya dubi ƙofa. Na riga na ji a gari cewa ƙanensa ya haƙa rijiyar burtsatse dab da kanyar nan ya shimfiɗa kwami har bakin ruwa. Na kuma san abin da hakan ke nufi, in aka sa hannu a kan shida ranar Alhamis, to takarda ta kashe baki, shanun Arɗo ba su da ruwa a wannan yanki in rani ya tsananta, sai dai su fasa gona, in sun fasa kuma Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Mutum uku ne suka riƙe maganar daga ɓangarenmu, ɗaya yana ƙasa, ɗaya shi ne ke shiftar, na ukun ni ne.

Ban ce komai ba. Wallahi ban ce ba. Na gaya wa kaina an kira ni ne in buga, ba a kira ni shaida ba, kuma ni ba manomi ba ne, ba makiyayi ba. Na juya shidan zuwa Fulatanci a shafi na biyu, Alhaji ya ce zai leƙa rumfar albasarsa daga nan ya wuce masallaci, in ya dawo zai karɓa. Na danna bugawa.

Malama Kulu ce ta ɗauko takardun. Malamar makaranta ba ta iya riƙe takarda ba ta karanta ba, tana tahowa tana bi da ido, sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Baba, ba shida munka ji Alhaji ya hwaɗi ba? Wanga na bakwai, daga ina yah hito?"

Na karɓa. Ga shi nan a ƙarƙashin na shida, da lambarsa, da irin haruffan sauran, layi uku: mashayar gindin kanya a buɗe take ga dabbobi, da hanyar zuwa gare ta, ko da an noma gefe da gefe. Wuraren sa hannu ma sun matsa ƙasa sun ba shi wuri. Na dubi allon kwamfutata, shida ne. Na sa kwamfutar ta nemo kalmar mashaya a cikin rubutun, ta ce babu.

Ni ba mai saurin cewa aljani ba ne, na yi shekara arba'in ina ganin na'ura tana abin da ya yi kama da sihiri, daga baya ka tarar waya ce ta saki. Abu na farko da na zarga shi ne layin jira. Firinta tana da layi kamar na asibiti, aikin da aka aika bai fita ba yana iya kwanciya a ciki wata da watanni, ranar da hanya ta buɗe ya fito. Na ce ƙila marigayin ya taɓa bugawa ya maƙale. Na buɗe layin a Windows, fayau. Duk da haka na tsayar da shi, na share ma'ajiyarsa, na share nawa layin na Linux, na kashe firintar na zare wayar wuta na ƙirga ɗari. Na zargi takarda, ko tsohuwa ce mai rubutu a jiki, Malama Kulu ta yage sabon ƙunshi a gabana, na ɗaga kowace ga hasken taga. Na aika wata wasiƙa tawa da ba ta shafi kowa ba, ta fito yadda na rubuta, ko ɗigo bai ƙaru ba. Sannan na sake aika yarjejeniyar.

Muna tsaye mu biyu a kan firintar. A allon Windows aikin ya bayyana a layi, a gefensa an rubuta mai shi, Bawa. Wannan ba abin mamaki ba ne, da sunansa na shiga. Takarda ta fito da ɗuminta. Bakwai.

Ku bari in gaya muku abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin sanina. A irin wannan haɗi, Linux ne ke gama shafin gaba ɗaya a wajena, direban ya mai da shi harshen firinta, sannan ya miƙa. Windows ɗan aike ne kawai ɗauke da wasiƙa a liƙe, bai san abin da ke ciki ba, balle ya buɗe ya ƙara layi uku ya matsar da na ƙasa. Yana iya ɓatar da aiki, yana iya fitar da shirme, na sha gani. Amma ya ƙara magana mai ma'ana a daidai gurbinta, ban taɓa ji ba a duk inda na yi aiki.

Sai na juya shafi na biyu, na Fulatanci, wanda da farko ban ma duba ba. Na bakwai yana nan. Malam Bawa kuwa, Allah ya jiƙansa, in ban da gaisuwa bai san komai a Fulatanci ba. Kuma kalmar da ke wurin mashaya ita ce ta Garwa, wadda Arɗo ya yi wa dariya. Maganata ce, yadda ta fita daga bakina a bakin fadama shekara biyar da suka wuce. Na nemi wuri na zauna, sai da Malama Kulu ta ce "Baba" a hankali sannan na lura a kujerar marigayin na zauna.

Ana cikin haka Alhaji Namadina ya dawo daga azahar da tasbaha a hannu. Ya karɓi takardar ya karanta a tsaye, na ga fuskarsa ta sauya.

"Malam, wa yas sa ka? Ni ban ce a rubuta wanga ba."

Da na so, da na ce na'ura ce ta yi kuskure, in nemi wata firinta a cikin gari in buga masa shidansa, magana ta mutu. Har na buɗe baki da niyyar haka. Abin da ya fito daban ne.

"Alhaji, ban rubuta shi ba, Kulu na shaida. Amma gaskiya ta. Kana wurin, ina wurin, da bakina na juya ma Arɗo ita. In an tambaye ni ran Alhamis, bakwai zan ce."

Ya yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Ya ce na ci amanar abota, ya ce dabarar 'yan boko ce na shirya da jakina. Sai Malama Kulu ta juya masa allon kwamfutata ya ƙirga da yatsa, shida, ta ce ya danna da hannunsa. Ya danna. Ya ga sunan Bawa ya hau layi, ya ga abin da ya fito. Ya daɗe yana kallon kujerar da na tashi daga kai, sannan ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, Bawa ya yi masa maganar takardar nan sau biyu a asibiti, shi kuma ya ce masa ya bari ya warke tukuna. Ya share fuska da hannun riga ya ce in rubuta yadda aka yi, zai ji da ƙanensa.

Na zauna na buga na bakwai da yatsuna, ina kwafa daga takardar da ta fito, Hausa da Fulatanci. Na aika, ina cewa ko zai fito sau biyu. Sau ɗaya ya fito.

Ranar Alhamis a Maiyama aka karanta a gaban kowa. Da aka zo shafin Fulatanci aka kai kalmar nan, Arɗo Buba ya sake fashewa da dariya, ya nuna ni da sanda ya ce har yanzu tafintan bayan duniya bai koyi magana ba. Ya ce shi dama bai taɓa shakka ba, Bawa ya kama hannunsa ya ce zai buga. Ya dangwala yatsa. Bai san komai ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Washegari na koma Aliero na buɗe wa Malama Kulu suna nata na kanta, na buɗe wani don baƙi masu son bugawa. Ta roƙe ni kada in goge na kawunta, na ce ba zan goge ba, rufe shi kawai zan yi yadda ba mai shiga da shi. Muka yi masa addu'a sannan na rufe. Daga ranar na buga takardu da yawa ta wannan hanya, ba a sake samun ƙarin ko harafi ɗaya ba.

Na ba wani tsohon abokin aikina na Yamai labarin, mutum ne da ya fi ni sanin Linux nesa ba kusa ba. Ya yi mini tambayoyi har na gaji, a ƙarshe ya ce ba yadda za a yi, ni ne na rubuta, wata takardar daban na aika ban sani ba. Na ce masa ƙila. Na binciki kwamfutar ciki da bai ban ga wata takardar ba, amma ƙila. Sai dai in ni ne, to akwai wani a cikina da ya fi ni gaskiya, wanda ke aiki da hannuna ban sani ba. In kuma ba ni ba ne, kun san sunan wanda na ara. Har yau ban san wanne ya fi hana ni sakewa ba. Takardun farko suna nan a akwatina, takardu ne kamar kowace takarda, ba abin da ya same su.

Shawarata gare ku, musamman masu haɗa kwamfutoci a ofisoshinmu, in za ku aika aiki zuwa firintar wani, ku buɗe suna naku, kada ku ari na wanda ya riga mu gidan gaskiya, ku rufe masa nasa da mutunci ku yi masa addu'a. Ku karanta abin da ya fito kafin kowa ya sa hannu. In kuma an yi alkawari a gabanku, ku buga shi a makon, kada ku ce sai an warke.

Mashayar gindin kanya tana nan a buɗe, yanzu a rubuce take, ƙanen Alhaji ya janye kwaminsa baya. Ni da Alhaji Namadina muna gaisawa, amma bai ƙara tsokanata ba. Ni kuma tun daga ranar ban sake buga wa kowa takardar da na san an rage wani abu a cikinta ba.